Hanif Abdurraqib: rubutu a kan ƙwallo da mawaƙa, shi ma adabi ne?

Malamar Adabi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Kwana uku ke nan da na gama karanta littafin da Hanif Abdurraqib ya fitar a 2024, mai suna There's Always This Year, kuma har yanzu bai sake ni ba, shi ya sa na kawo shi nan. Ga wanda bai san shi ba, baƙar fatar Amurka ne, an haife shi a 1983 a birnin Kolambus na jihar Ohayo, a gidan Musulmi ya tashi. Littafinsa na farko na waƙoƙi ne, ya fito a 2016, daga baya ya yi suna da maƙaloli a kan mawaƙa da 'yan wasa. A 2021 aka ba shi kyautar MacArthur, dala 625,000 da ake biya cikin shekara biyar ba tare da an gindaya wa mutum abin da zai yi da ita ba.

Shi wannan littafin ya tsara shi ne kamar wasan ƙwallon kwando: kashi huɗu, kowane kashi agogo na sauka daga minti 12 har ya ƙare. In ka duba sama-sama labarin LeBron James ne, shahararren ɗan ƙwallon kwandon Amurka. In ka nutsa kuwa sai ka tarar da mahaifinsa, da unguwarsu ta gabashin Kolambus, da zaman da ya yi a tsare, da lokacin da aka tashe shi daga gidan haya har ya koma kwana a ɗakin ajiyar kaya. Tambayata ita ce: mutum ya ɗauki ƙwallo da kiɗan zamani ya zuba asalinsa da baƙin cikin mutanensa a ciki, wannan adabi ne mai nauyi, ko kuwa sharhin wasanni ne da aka yi wa kwalliya?

Baba Mai Ritaya: Wa alaikumus salam Malama. Ni dai tsohon malamin makaranta ne, kuma baƙaƙen Amurka da muka karanta a zamaninmu, irin su James Baldwin, maganarsu kai tsaye take a kan wariya da zalunci. Mutanen da 'yan sanda ke harbe 'ya'yansu a titi, ina suka ga sararin zama rubuta littafi guda a kan yara masu jefa ƙwallo a raga? Ban raina shi ba, amma ina ganin an bar jaki ana dukan taiki.

Sha'irin Unguwa: Baba, Allah Ya ƙara girma. Wannan tambayar taku an riga an yi ta a gabansa. A wani taron karatun waƙa ya ji wata tana cewa, yaya baƙar fata zai tsaya rubutu a kan furanni a irin wannan lokaci? Sai ya ɗauki wannan tambayar ya mai da ita sunan waƙa, ba ɗaya ba, waƙoƙi da yawa duk da suna iri ɗaya, suna cikin littafin waƙoƙinsa na 2019. Kuma in kun karanta su za ku ga furannin ba su raba shi da mutuwa ba, domin a al'adarsu fure ake ajiyewa a inda aka kashe mutum. Abin da yake ƙi shi ne a ce baƙar fata ba shi da izinin magana sai in kuka zai yi.

Baba Mai Ritaya: To, wannan na ji. Amma fure halittar Allah ce. Ƙwallo fa kasuwanci ne na masu kuɗi.

Mai Kwando: Baba ku yi mini izini in sa baki, don wannan fagena ne, tun ina firamare nake buga kwando a Kano. Sai an san me LeBron yake a wurin mutanen Ohayo kafin a gane littafin. Yaron Akron ne, an haife shi a 1984, wato sa'an Hanif ne, shekara ɗaya ce tsakaninsu. Uwarsa ce ta raine shi ita kaɗai, suna tashi daga wannan gida zuwa wancan. A 2003 ƙungiyar Cleveland, ta jiharsu, ta ɗauke shi kai tsaye daga sakandare. A 2010 ya fito a talabijin ya ce ya koma Miami, mutane suka fito titi suna ƙona rigarsa. A 2014 ya dawo gida. A 2016 suna jerin wasannin ƙarshe da ƙungiyar Golden State, inda wanda ya fara cin huɗu ke ɗaukar kofi, an ci su uku sun ci ɗaya, saura wasa guda a gama da su, suka ci uku a jere suka ɗauki kofi. Ba a taɓa yin haka a wasan ƙarshe na NBA, babbar gasar kwando ta Amurka, ba kafin su. Kuma rabon birnin Cleveland da wani babban kofi tun 1964, shekara 52.

Ni na kalli wasa na bakwai ɗin nan da tsakar dare, cikin azumi, muna jiran sahur. Da aka tashi LeBron ya durƙusa a ƙasa yana kuka. Wallahi ba kukan kuɗi ba ne wannan, kuɗi ya riga ya tara. Garin da masana'antu suka rufe, aka watse aka bar shi, ɗansa ya tafi ya dawo ya cika alkawari. In wannan bai isa a rubuta shi ba, ban san me ya isa ba.

Malamar Adabi: Mai Kwando, ka taɓo wurin. Kuma ka ƙara da wannan: watanni kaɗan bayan dawowar LeBron, a Nuwamban 2014, ɗan sanda ya harbe Tamir Rice a cikin Cleveland ɗin, yaro ɗan shekara 12 yana wasa da bindigar roba a filin shaƙatawa. Gari ɗaya, kakar wasa ɗaya. Murnar da makokin ba a raba musu unguwa ba. Don haka Baba, abin da kuke nema yana cikin littafin, sai dai ta ƙofar fili ya shigo.

Ɗan Zango a Ohayo: Salamu alaikum. Ni ɗan Kumasi ne, shekarata tara a Kolambus ɗin nan, aikin tuƙi nake. Da na ga sunan garin sai na ce dole in yi magana. Abin da mutanen gida ba su cika ganewa ba shi ne, a unguwannin baƙaƙe filin kwando shi ne dandali. Yadda muke da bakin masallaci da wurin mai shayi, haka suke da fili da shagon aski. Da zafi ya shigo za ka ga yara har dare suna bugawa, dattawa na gefe a kan kujerun roba suna ba da labarin wane da wane da suka fi kowa iyawa a zamaninsu amma ba su kai ko'ina ba. Sunayen nan ba ka jin su a talabijin, a bakin mutane kawai suke.

Kuma shi Hanif mutanen garin suna ji da shi ne saboda bai gudu ba. Ya ɗan zauna a wata jiha, ya tattara ya dawo. Marubuci in ya yi suna a Amurka yawanci New York yake komawa ko Los Angeles. Shi yana nan, ana haɗuwa da shi a kantin littattafai da filin ƙwallon ƙafa, don masoyin Columbus Crew, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garin, ne na gaske. A 2017 mai ƙungiyar ya so ya kwashe ta ya kai Texas, magoya baya suka tashi tsaye har aka bar musu ita, kuma ta zo ta ɗauki kofin ƙasa a 2020 da 2023.

Malamar Adabi: Madalla Ɗan Zango. Waɗannan da ka ce ba su kai ko'ina ba su ne suka fi taɓa ni a littafin. Ya yi dogon bayani a kan Kenny Gregory, ɗan Kolambus da aka zaɓa gwarzon wasan fitattun 'yan sakandare na Amurka a 1997, ya je jami'ar Kansas, amma NBA ba ta ɗauke shi ba, sai ƙasashen waje ya je ya buga. A lissafin duniya bai kai ba. A lissafin yaran unguwar da suka gan shi yana tashi sama, ya kai har ya wuce. Hanif yana tambaya ne, wa ya ba wasu ikon yanke cewa wane ya ci nasara, wane ya faɗi?

'Yar Damagaram: Ina gaida manya. Ni tarihi nake karanta, kuma ina son in koma kan kalmar asali da Malama ta ambata, don ina ganin nan ne amsar Baba take. Mu nan in aka tambaye ka asalinka, za ka ce kakana daga Gobir ya zo, ko mu Barebari ne, ko ga tsagen gidanmu. Baƙar fatar Amurka an yanke masa wannan igiyar da gangan. An canja masa suna, an hana shi harshensa, a jihohin kudu da dama har doka aka yi ta hana koya wa bawa karatu. A ƙidayar jama'a ta 1850 da ta 1860 ba a rubuta sunayen bayi ba, sai shekaru da jinsi da launi a ƙarƙashin sunan ubangidansu. Sai a 1870 aka fara rubuta yawancinsu da suna. To mutumin da takarda ta ƙi riƙe masa tarihi, ina zai ajiye shi? Sai a murya da jiki: waƙar gona, waƙar coci, bulus, jaz, rawa, dambe, gudu, ƙwallo. Daga baya kuma, tsakanin wajen 1916 da 1970, kimanin mutum miliyan 6 suka bar kudu suka yi arewa da yamma, suka cika garuruwa irin su Chicago da Detroit da Cleveland, da kayan nan suka tafi a ka. Saboda haka in Hanif ya zauna yana bin diddigin wata rawa ko wata murya, a wurina aikin da maroƙin fada yake yi ne in yana jero sarakuna.

Sha'irin Unguwa: Wannan magana haka take. Littafinsa na 2021, A Little Devil in America, gaba ɗaya a kan haka yake. Sunan ma daga bakin Josephine Baker ya samo shi, 'yar rawar da aka haifa a St. Louis a 1906, ta bar Amurka ta koma Faransa a 1925 saboda a can ne aka ɗauke ta mutum, ta dawo ta yi jawabi a babban gangamin neman haƙƙin baƙaƙe na Washington a 1963. A ciki akwai babi a kan Merry Clayton, wadda aka taso da tsakar dare a 1969, tana da juna biyu, ta je ta yi amshi a wata waƙar Rolling Stones, ƙungiyar mawaƙan Ingila. Muryarta ce ta ɗaga waƙar, amma sunan wasu duniya ta riƙe. Shi sai ya juya fitilar ya haska mai amshin.

Alaramma: Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Sunan bawan Allahn nan ya ja hankalina. Hanif shi ne mai karkata zuwa ga gaskiya, siffar da Alƙur'ani ya yi wa Annabi Ibrahim, alaihis salam. Arraƙib kuwa sunan Allah ne, Mai tsaro da lura da komai. Abdurraƙib ke nan a bakinmu. To mai irin wannan suna ya ƙarar da basirarsa a kan makaɗa, abin yana yi mini nauyi. Ba hukunci nake yanke masa ba, tambaya nake: addinin yana fitowa a rubutunsa kuwa, ko suna ne kawai ya rage?

Malamar Adabi: Allah Ya gafarta Malam, yana fitowa, amma ba a matsayin wa'azi ba. Ya yi rubutu a kan azumin Ramadan, kuma bai ɓoye cewa riƙonsa da ibada ya yi sama ya yi ƙasa ba. Ku tuna shekararsa 18 lokacin harin 11 ga Satumban 2001. Saurayi baƙar fata mai sunan Larabci a Amurka ta wancan lokacin, kaya biyu ya ɗauka a kai ɗaya. Mahaifiyarsa kuma ta rasu tun yana yaro, wannan rashin yana bin kusan duk abin da ya rubuta. Maganar addu'a, da roƙon gafara, da me ake nufi da a ɗaukaka mutum, duk suna cikin littafin ƙwallon. Ba zan ce muku littafin addini ba ne, don ba shi ba ne. Amma wanda bai tashi a gidan da ake salla ba, ba zai rubuta shi haka ba.

Alaramma: Na gode Malama. Matsayina a kan kiɗa yana nan inda yake. Amma mutumin da ya faɗi gaskiyar rauninsa ya fi mini wanda ya ɓoye. Allah Ya shiryar da mu baki ɗaya, Ya jiƙan mahaifiyarsa.

'Yar Damagaram: Amin Malam. Kuma Musulunci a cikin baƙaƙen Amurka ba baƙo ba ne. Cikin waɗanda aka kwasa daga Afirka ta Yamma akwai malamai. Umar ibn Sa'id, mutumin Futa Toro, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana cikin bauta a Karolina ta Arewa, rubutun yana nan har yau. A Birazil ma, a Bahiya, Hausawa na cikin bayin da suka yi ta yunƙurin tawaye tun daga 1807. A Amurka an kusa shafe wannan gadon, sai a ƙarni na 20 ya sake tsiro. Malcolm X ya yi aikin hajji a 1964. Bayan rasuwar Elijah Muhammad, shugaban ƙungiyar Nation of Islam ta baƙaƙen Amurka, a 1975, ɗansa Warith Deen ya ja dubban mabiya zuwa tafarkin Sunna. Iyalai da yawa a wannan zamanin suka ajiye sunayen da suka gada daga iyayengijin bayi suka ɗauki na Musulunci. Sunan da Malam ya fassara mana, irin wannan tarihin ne a bayansa.

Mai Kwando: A fili ma haka ne. Kareem Abdul-Jabbar, da Mahmoud Abdul-Rauf da NBA ta dakatar a 1996 don ya ƙi miƙewa lokacin taken ƙasa, da namu Hakeem Olajuwon ɗan Legas da yake buga wasa da azumi a bakinsa, ya ci wa Houston kofi a 1994 da 1995. Yaron Musulmi da ya tashi a shekarun 1990 yana kallon waɗannan, ba wasa kawai yake kallo ba, yana ganin masu irin sunansa ana tafa musu.

Ɗan Zango a Ohayo: Amma bari in faɗi wata gaskiya, kada mu yi ta cewa ɗan'uwanmu ne kawai mu wuce. Zama da su ya koya mini cewa tarihinmu ya haɗu a tushe amma ya rabu a reshe. Akwai 'yan Afirka da ke zuwa nan su riƙa yi wa baƙaƙen Amurka kallon malalata, alhali haƙƙin da muke ci a ƙasar su suka zubar da jini a kansa. Dokar shige da fice ta 1965 da ta buɗe wa irinmu ƙofa, a zamanin gwagwarmayarsu aka yi ta. Shi Hanif ban ga yana neman wani ƙauye a Afirka ya jingina da shi ba. In ka tambaye shi daga ina yake, gabashin Kolambus zai ce maka. Ni wannan ya burge ni, bai ari rigar kowa ba.

'Yar Damagaram: Gaskiya ne Yaya. Langston Hughes ma, marubucin waƙa baƙar fatar Amurka, da ya zo gaɓar Afirka ta Yamma a 1923 yana aikin jirgin ruwa, da zumuɗin ya dawo gida, mutanen da ya tarar Bature suka kira shi saboda hasken fatarsa. Abin ya yi masa ciwo. Ya koma ya gina waƙarsa a kan kiɗan bulus da jaz na Harlem.

Baba Mai Ritaya: 'Yata ta Damagaram, hujjarki ta ƙidaya ta shige ni, ban san da ita ba. Na janye maganar jaki da taiki. Amma saura ɗaya, kuma a nan ba zan matsa ba. Jikana ya buɗe mini waƙoƙin mutumin nan a waya na duba. Ba amsa-amo, ba kari, ba baiti mai ɗango daidai. Wata ma kamar sakin layi take. Mu da muka tashi da waƙoƙin Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu, in ba ma'auni ba waƙa. Wannan zube ne mai daɗi, a kira shi da sunansa.

Sha'irin Unguwa: Baba, a ido haka ne, amma ku sa jikan naku ya nemo muku inda yake karantawa da bakinsa. Ta dandalin gasar karatun waƙa ya fito, irin wadda aka faro a Chicago a shekarun 1980, inda mutum zai tsaya gaban jama'a ba kiɗa ba takarda mai yawa, a ba shi minti uku. Ma'auninsa numfashi ne. Yana jan jimla har sai ka ji kamar iska za ta ƙare masa, sannan ya sake ta. Ya fi kusa da waƙar baka a kan rubutacciya. Kuma mu da kanmu, wa zai ce abin da Ɗan Anace ya yi wa Shago ba waƙa ba ne? Ɗan dambe ne fa, wasa ne. Amma cikin waƙar akwai mutuwa, akwai jarumta, akwai garuruwa da mutanen da ba don ita ba da an manta da su. Yau a jami'a ake nazarinta.

Baba Mai Ritaya: Ɗan Anace yana da kalangu yana riƙe masa kari. Shi wannan me ke riƙe masa?

Sha'irin Unguwa: Maimaici, da inda yake yanke layi, da sautin maganar unguwarsu. Na yarda ba kari ba ne irin na aruli.

Malamar Adabi: Ni ma ina da abin da zan ɗora masa, kada a ce yabo kawai na zo yi. Yana da yawan kewaye. Zai fara da gashin kan 'yan kwandon jami'ar Michigan biyar ɗin nan na 1991, masu aske kai da gajeren wando mai faɗi da baƙar safa, ya bi ta kan sanƙon mahaifinsa da gumin da ke tsattsafowa a kai lokacin cin abinci, ya shiga maganar jiragen sama, kafin ya dawo. Wani lokaci dawowar tana biyan wahalar, kamar wannan ta mahaifin, wadda ta sa na ajiye littafin na tuna nawa uban. Wani lokaci kuwa ina jin ya yi nisa da yawa, kuma wanda bai san mawaƙan da yake ambata ba zai ɓace a hanya. Ɗalibaina da na ba su wani yanki, rabinsu sun ce sunayen sun yi musu yawa.

Mai Kwando: Anti, ni kuwa sunayen ne suka riƙe ni. Akwai maƙalarsa a kan daren 1997 da Allen Iverson, yana sabon shiga, ya yi wa Michael Jordan yankan da ya bar shi a tsaye. Daƙiƙa kaɗan ne a bidiyo. Na kalle shi ya fi sau ɗari, ban taɓa tunanin ana iya rubuta shi ba sai da na karanta.

Baba Mai Ritaya: Kun tuna mini da wani abu. Ranar 30 ga Oktoban 1974, Muhammad Ali da George Foreman a Kinshasa. Ƙarfe huɗu na dare aka fara, don a daidaita da masu kallo a Amurka. Ina sabon malami a wani ƙauye, rediyo ɗaya ce a wurin shugaban makarantarmu. Muka taru a ƙofar gidansa cikin sanyin asuba, har da liman da mai unguwa, ni nake fassara musu. Kowa ya ce Foreman zai kashe Ali, don Ali ya girme shi da shekara bakwai kuma Foreman ba a taɓa cin sa ba. Da Foreman ya faɗi a zagaye na takwas, wani tsoho da bai taɓa fita lardinmu ba ya miƙe yana kabbara, hawaye na zuba, yana cewa Muhammadu ya yi. Daga nan muka wuce masallaci. Sama da shekara hamsin ke nan, duk waɗanda muka zauna a wurin ni kaɗai na rage, kuma ba wanda ya rubuta.

A kan kari dai ina nan a kan bakana, Sha'iri. Malama, in kin gama da littafin ki aiko mini ta hannun direban da ke zuwa garinmu ranar Laraba, zan karanta da tabarau a hankali.

Malamar Adabi: In sha Allahu Baba, ranar Laraba zai iso. Na ja layi da fensir a wasu wurare, ku fara da kashi na farko inda yake maganar mahaifinsa.